Tambaya da Amsa: Yara saba'in, kwamfuta uku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Sakkwato. Lissafi na karanta, amma bana aka ɗora mini darasin kwamfuta na aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare, wai har da koya musu kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni. Ajina yara saba'in da 'yan kai. Kwamfutocin da ke tashi guda uku ne, wuta kuwa sai ta ga dama. Don Allah ta ina zan fara?
Daga wata malama, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da fama. Bari in fara ba ki labarin abin kunyar da na yi, kada ki bi sawuna. Shekarar da na fara koyar da darasin nan, zango guda cur na yi ina cika allo da rubutu: ma'anar kwamfuta, sassanta, ire-irenta, tarihinta. Yara suka haddace tamkar karatun allo, suka ci jarrabawa, ni kuma ina ta jin daɗi. Ranar da na zaunar da su gaban na'ura, yaron da ya zo na ɗaya ya ɗauki linzamin kwamfuta ya ɗaga shi sama, yana nuna allon da shi kamar rimot ɗin talabijin. Laifin nawa ne, domin sunayen kaya kawai na koya masa.

To, kada rashin na'ura ya tsayar da ke. Kodin ba wani abu ba ne illa rubuta wa kwamfuta umarni daki-daki, saboda ita ba ta da wayo ko na anini, abin da aka faɗa mata shi take yi, ba ƙari ba ragi. Makonnin farko na wannan karatu ba su bukatar wuta.

Ga yadda nake buɗe darasin. Ina shiga aji da kofi da cokali da sukari da gwangwanin madara, in ce yau ni ne kwamfuta, su ba ni umarni in haɗa shayi. Wani zai ce, “Malam, sa madara a kofi.” Sai in ɗauki gwangwanin a rufe in jefa cikin kofin. Aji ya kece da dariya. “A'a Malam, buɗe tukuna!” In ce da me zan buɗe, ai ba ku faɗa mini ba. Kafin shayin nan ya haɗu sun gyara umarninsu ya fi sau goma, kuma wannan gyaran shi ne rabin aikin mai kodin: ka rubuta, ka gwada, ka nemo inda ka yi tuntuɓe.

Daga nan abu uku za ki dasa musu, kuma duk sun san su tun daga makarantar Islamiyya, sunan ne kawai baƙo. Akwai jerantawa, kamar a alwala, inda wanke fuska ke gabatar wanke ƙafa. Akwai maimaitawa: maimakon a rubuta Subhanallahi sau 33 a jere, sai a rubuta shi sau ɗaya a ce a maimaita sau 33. Na ukun shi ne sharaɗi, kuma nan na fi daɗewa don nan ne kan yara ke buɗewa. Misalin da ban taɓa ganin ya faɗi ƙasa ba a garin nan shi ne rabon gado. Idan mamaci ya bar ɗa ko 'ya, matarsa tumuni take samu. Idan bai bari ba, rubu'i. Ki rubuta shi haka a allo, “idan” a sama, “idan ba haka ba” a ƙasa, kin rubuta tsarin da ke cikin kowace manhaja, har wadda ke hana ki tura kuɗi idan lambar sirrinki ba daidai ba ce.

Ba ni na ƙago wannan haɗin ba. Kalmar algoridim, wato jerin matakan warware matsala, ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, a ƙarni na 9. Littafinsa da aka ciro kalmar aljabra daga sunansa, babban ɓangarensa lissafin gado da wasiyya ne. Nakan gaya wa yara haka da gangan, don akwai masu zuwa daga gida da zaton ilimin nan na Nasara ne zalla.

Tunda lissafi kika karanta, ga wani da zai yi miki daɗi. Ki yanka kwali biyar, ki ɗiga ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16, yara biyar su riƙe su gaban aji, mai 16 a hagu. Wadda ta nuna kwalinta ita ce 1, wadda ta juya bayansa ita ce 0. Ki ce su nuna 13. Sai mai 8 da mai 4 da mai 1 su nuna nasu, ya zama 01101. Da kwali biyar za su ƙirga har 31. Haka kwamfuta ke ajiye lambobi.

Sai na'urorin nan uku. Ki sa musu Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara. Kyauta ce, kuma akwai wadda ke aiki ba tare da intanet ba, sau ɗaya za ki sauke ta ki raba da filashi. Ba a buga umarni a cikinta, jawo tubala ake yi ana ɗora su bisa juna, sai 'yar kyanwar da ke allon ta yi tafiya ko ta juya. Ki kasa ajin rukuni-rukuni, kuma kada rukuni ya taɓa na'ura sai ya nuna miki umarninsa a takarda. Ki riƙa juya mai riƙe linzami duk bayan 'yan mintoci, in ba haka ba masu baki su biyu za su mamaye wurin, masu kunya su gama shekara da kallo. Python, wato yaren kodin da ake buga umarninsa da rubutu, ki bar ta sai sun shiga babbar sakandare. Bayani kuma ki yi shi da Hausa ba tare da jin nauyi ba, kalmomin Turancin da ke ciki kaɗan ne, za su kama su a hanya.

Ki roƙi a ba ki darasin safe, don kin san zafin Afrilu a garin nan, ga na'ura ba ta son zafi. Lokacin hunturu a lulluɓe su da zane saboda ƙura. In makaranta za ta ƙaro, ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ke riƙe caji kuma sola ƙarama ta ishe ta. Idan iyaye suka yi nauyin hannu a taro, ki tuna musu cewa tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta, kuma 'ya'yan nan da ita za su nemi shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 14 ya matsa mini in bar shi ya koyi kodin a wayata. Ina tsoron kada ya zama ɗan damfarar intanet.
Daga wani mahaifi, Runjin Sambo.

Amsa: Alhaji, tsoronka na kan hanya, amma yawancin damfarar nan da daɗin baki da ƙarya ake yin ta, ba da kodin ba. Abin sa wa ido shi ne abokansa da waɗanda yake hira da su. Ka ba shi wayar a tsakar gida bayan la'asar, ba cikin ɗaki da dare ba. Akwai manhajar Pydroid da ake rubuta Python da ita a wayar Android, kuma bayan an sauke ta zai yi darussan farko ko da an kashe data. Ka kuma ba shi aiki: ya rubuta maka abin da zai riƙa tara kuɗin cefanen gida na mako, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna ya nuna maka.