Kafin ka zuba kuɗinka a na'urar GPS

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da har yanzu kana haɗa karatun jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da kabu-kabun yamma ba ka yar da ko ɗaya ba. Ka ce wani ya kawo na'urar GPS ta Garmin ta hannu daga Kano yana neman mai saye, kana tunanin ka karɓa ka koyi tsara hanya a kwamfuta, don an gaya maka a Jamus ɗalibi mai moto da ya iya GPS ba ya rasa aikin kai abinci gidaje. Kana son in gaya maka gaskiya. To, kar ka saya. Koyon kuwa ka fara shi tun wannan mako, sai dai amfaninsa yana wani wuri dabam da inda aka nuna maka.

Bari in fara da aikin kai abincin, tun da shi ya ɗauke maka hankali. A nan Freiburg, da sauran biranen da na sani, yawancin masu wannan aiki a keke suke, ko keke mai batir. Ba wanda ke zama gaban kwamfuta ya zana hanya kafin ya fita. Manhajar kamfani ce a wayarka ke cewa ɗauko nan, kai can, kuma yaron da ya sauka jiya ma zai iya bin ta. Ga kuma doka. Tun watan Maris na 2024 ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana da izinin aikin kwana 140 cikakku a shekara, ko rabin yini 280. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, wanda daga Satumban 2024 ya koma Yuro 11,904, wato wajen sefa miliyan 7 da dubu 800. A jiharmu ta Baden-Württemberg kuma akwai Yuro 1,500 kowane zangon karatu a kan ɗalibai irinka, in ba ka faɗa cikin waɗanda aka yafe wa ba. Permin da ka ciro a gida wata shida kacal zai yi maka bayan ka yi rajistar zama. Daga nan sai jarrabawar rubutu, wadda ana iya yi da Faransanci, da ta kan hanya, wadda mai gwaji ke ba da umarni da Jamusanci. Moto a ƙasar nan abin nishaɗi ne na masu albashi. Da yawansu lambar da ke jikin motonsu ta 'yan watanni ce, in sanyi ya shigo sai a lulluɓe shi a gareji har bazara.

Su waɗannan masu nishaɗin su ne ke tsara hanya a kwamfuta, kuma abin da suke nema zai ba ka dariya. Kai a Maradi kana neman gajeriyar hanya don mai ya rage. Su suna buɗe manhajar Kurviger ko calimoto, duka na Jamusawa, su ce a nemo musu hanyar da ta fi kwana-kwana da hawa da gangara, a kauce wa babbar hanya. Wasu na amfani da BaseCamp na kamfanin Garmin, wasu MyRoute-app na mutanen Holan. In an gama sai a fitar da fayil mai suna GPX, a tura cikin na'urar da ke ɗaure a kan moto, irin su Garmin zūmo ko TomTom Rider.

Nan ne ilimin yake, don haka bari in daɗe a kansa. Fayil ɗin GPX yana iya ɗaukar hanya iri biyu. Na farko jerin wurare ne kawai: tashi nan, bi ta nan, ƙare can. Abin da ke tsakani, na'urar ce za ta sake lissafawa da taswirar da ke cikinta da kuma zaɓin da aka saita mata. In taswirarta ta bambanta da ta kwamfutarka, ko an bar ta a kan “mafi sauri”, sai ka ga hanyar da ka yi dare kana gyarawa ta koma wata dabam. Na biyu sawu ne, dubban ɗigo a jere da suka zama layi ɗaya. Shi ba a sake lissafa shi. Ba lallai ya ce maka juya dama ko hagu ba, amma yana nan inda ka aje shi, in ka kauce za ka ga kanka a gefensa. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan tura duka biyun, su bar sawun yana haske a ƙarƙashi da wata kala, don su gane lokacin da na'ura ta fara nata ra'ayi.

Sai wurin aje ɗigo. A ce kana son hanya ta bi ta wani titi mai hannu biyu da aka raba tsakiya. Daga nesa ka danna, ɗigon ya faɗa a hannun masu dawowa. Na'ura ba ta da wayon da za ta ce kuskure ne. Za ta kai ka gaba, ta juyo da kai ka taɓa ɗigon, ta sake juyar da kai. Maganinsa ka matso da taswira sosai a kan kowane ɗigo kafin ka fitar da fayil, kuma ka aje shi ɗan gaba da mararraba, a kan titin da kake son shiga, kar a kan mararrabar kanta. Akwai kuma abin da taswira ba kullum take faɗa ba. Hanyar hawa dutsen Schauinsland da ke bayan garinmu a rufe take ga masu moto ranakun Asabar, Lahadi da na hutu, daga Afrilu har farkon Nuwamba. Ƙaramin moto mai gudun kilomita 45 ba ya hawa babbar hanyar Autobahn, don doka ta ce sai abin hawan da aka ƙera ya wuce 60. Riƙe waya a hannu kana tuƙi Yuro 100 ne da maki ɗaya a kundin masu laifin hanya.

To me ya sa na ce kar ka sayi na'urar? Domin wayar da ke aljihunka tana jin taurarin ɗan Adam ɗin da na'urar ke ji. Taurarin GPS na Amurka suna yawo a nisan wajen kilomita 20,200, waya na buƙatar jin huɗu daga cikinsu ta san inda take, kuma wannan ba ya cin mega ko ɗaya. Abin da ke cin mega taswira ce, ita ma sau ɗaya za ka sauke ta Nijar a manhajar OsmAnd ko Organic Maps, shi ke nan ko a dajin da babu layi tana aiki. Abin da masu sayen na'ura ke biya shi ne jure ruwan sama, da allon da ake gani cikin rana, da taɓawa da safar hannu. Girgizar moto ma gaskiya ce, kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa tana iya lalata kamarar iPhone. Kai dai ka sa tsohuwar waya a aljihun gaba tana naɗar sawu, kar ka ɗaure ta a kan moto cikin ranar Afrilu ta yi zafi ta mutu. Ita kuma Garmin ta Kano, ka tambayi mai ita taswirar wace ƙasa ce a ciki. In daga Turai aka kwaso ta, za ta nuna maka lungunan Bon da Paris, ta bar Maradi fili fetal.

Abin da nake so ka gane shi ne kana zaune a kan aikin da mu a nan ba mu da shi. Waɗannan manhajojin, Kurviger da OsmAnd da Organic Maps, daga OpenStreetMap suke ɗebo taswira. Taswirar duniya ce a intanet da aka kafa a Ingila a 2004, kuma kowa na iya buɗe asusu kyauta ya gyara. A Jamus an zana har bencin zama da kwandon shara, da wuya ka sami abin ƙarawa. A wajenmu kwaltar da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni ta wuce Damagaram tana nan, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya tana nan, amma ka duba hanyoyin ƙauyukan da kake kai fasinja ranar kasuwa ka ga nawa ne a ciki, nawa ne kuma aka zana daga hoton sama ba tare da an taka su ba. Hoton sama ba ya sanin inda yashi ke kama taya. Bai san cewa mashigar Gulbin Maradi da ake bi a watan Maris ba ta biyuwa a Agusta ba, ko cewa hanyar rani takan koma gonar hatsi da zarar an yi shuka. Kai ka sani. A OpenStreetMap akwai wurin rubuta ko hanya kwalta ce, ko jar ƙasa, ko yashi, ko mashigar ruwa ce, kuma da wannan bayanin ne manhaja ke yanke hukuncin inda za ta bi da mutum.

In ka yi shekara kana wannan, ka haɗa da koyon QGIS, manhajar aikin taswira a kwamfuta wadda ita ma kyauta ce, kana da abin nunawa da sunanka a jiki. Makarantar HFT da ke Stuttgart tana da digiri na biyu a fannin taswira da bayanan ƙasa da ake koyarwa da Ingilishi, kuma mai neman gurbi da zai ce ga yankin da na zana da hannuna ya fi wanda ya zo da takardar sakamako kaɗai. In tafiyar ba ta yiwu ba, ƙungiyoyin rigakafi da na noma da ke aiki a jihar Maradi su ma taswira suke bi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: kar son cike taswira ya kai ka ƙauyukan bakin iyaka na Madarunfa da Gidan Runji. Ka san halin da ake ciki da 'yan bindiga fiye da ni, kuma saurayi a kan moto yana tsayawa yana danna waya, ko jandarma ma sai sun tambaye shi. Kar ka naɗi komai kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro.

Fara da Tibiri. Zauna a kwamfutar jami'a ka tsara zuwa ta kwalta, dawowa ta wata hanyar cikin gonaki da ka sani, ka fitar da GPX ka sa a waya. Ranar da ba ka da darasi ka bi ta kana naɗar sawu, sannan ka ɗora biyun a kan juna ka ga inda suka rabu. Turo mini duka fayilolin ta WhatsApp mu duba tare ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku. Ka gaida Inna da Baba da su Yaya.