Game da tambayarka a kan Honda: abin da na gani cikin shekara goma sha shida

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya da daddare na karanta tambayarka, amma na dakata sai yau da safe domin in samu natsuwar ba ka amsa cikakkiya. Ka ce an nuna maka Honda Accord ƙirar 2007, wadda dillalai ke kira DC, ta kwanta maka a rai kuma kuɗinta bai fi ƙarfinka ba, sai dai yayanka da abokan aikinka sun sa maka shakku da cewa Honda ba ta da ƙafa kuma ba ta da kasuwa, don haka kake son sanin ko kamfanin abin dogaro ne, da kuma ko waɗanda suka riƙe motocinsa sun gamsu da su. Ni malamin makaranta ne, sana'ata ba ta shafi mota ba, amma na riƙe Accord biyu a jere cikin shekara goma sha shida, ta biyun kuwa irin wadda aka nuna maka ce, kuma har yanzu ita nake hawa.

Zan fara da asalin kamfanin, domin a ganina halin motar ya samo tushe daga halin mutumin da ya kafa shi. An haifi Soichiro Honda a 1906 a wani ƙauye kusa da birnin Hamamatsu na ƙasar Japan, mahaifinsa maƙeri ne da ke gyaran kekuna. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo ya zama yaron gareji, ya yi shekara shida yana koyon kanikanci kafin maigidansa ya yaye shi, ya koma gida ya buɗe reshen garejin. Daga baya ya shiga ƙera ringin inji da niyyar sayar wa Toyota, amma da aka gwada guda 50 daga cikin kayansa, uku kacal suka tsallake. Maimakon ya haƙura, sai ya koma makarantar fasaha da girmansa, ya zauna aji ɗaya da yara domin ya fahimci ilimin ƙarfe, har ta kai Toyota ta riƙa karɓar ringinsa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya karya wannan sana'a, domin bam ya rushe masa masana'anta ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta rushe ɗayar a 1945, ya sayar wa Toyota abin da ya saura.

A 1946 ya sake tashi da ɗan ƙaramin abu: yana sayen ƙananan injunan da sojoji suka bari, waɗanda ake ba wa rediyo wuta da su, yana ɗaura su a jikin keke. Daga nan aka kafa kamfanin Honda Motor a 1948, kuma shekara guda bayan haka Takeo Fujisawa ya shigo ya karɓi harkar kuɗi da tallace-tallace, shi kuma Honda ya tare a ɗakin ƙira. Babur suka fara yi, kuma da babur suka cika duniya, musamman Super Cub da ya fito a 1958, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Mu ma a nan ta babur iyayenmu suka fara sanin sunan, zamanin Benly da CG 125, kuma tun 1979 kamfanin yake da masana'antar haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun. Wanda ya taɓa noman rani kuma ya san darajar injin ban-ruwa na Honda a fadama. Mota kuwa sai a 1963 suka fara fitarwa, lokacin da Toyota da Nissan suka riga suka yi shekaru masu yawa a fagen, kuma a daidai lokacin da gwamnatin Japan take neman taƙaita yawan masu ƙera motoci.

Abin da ya ɗaga sunansu a harkar mota shi ne inji. A 1970 Amurka ta yi doka mai tsauri a kan hayaƙin da motoci ke fitarwa, manyan kamfanonin ƙasar suka ce cika sharuɗɗanta a wa'adin da aka ɗiba ba zai yiwu ba, sai ga wannan ƙaramin kamfani ya fito da injin CVCC a 1972, wanda ya cika sharuɗɗan ta hanyar ƙona man da kyau a cikin injin kansa, ba tare da matatar hayaƙi a salansa ba. A shekarar ce kuma Civic ta fito, sannan tsadar fetur ta 1973 ta sa jama'a suka koma neman mota mai tattalin mai. Accord ta biyo baya a 1976, a 1982 kuma Honda ta zama kamfanin Japan na farko da ya ƙera motar hawa a Amurka, a garin Marysville na Jihar Ohio, kuma a 1989 Accord ce motar da aka fi saya a ƙasar baki ɗaya. Wata mujallar motoci ta can mai suna Car and Driver ta sanya ta cikin motoci goma mafi kyau na shekara fiye da sau 30, abin da babu wata mota da ta samu.

Na kawo wannan ne saboda ya shafe ka kai tsaye. Akasarin Accord da ke shigo mana a matsayin Beljiyam daga Amurka suke, kuma idan ka duba lambar shasi ka ga ta fara da 1HG, to a can aka ƙera ta, idan kuwa JHM ce, 'yar Japan ce. Yabon da ta samu a can gaskiya ne, amma a kan titi mai santsi ta same shi, a hannun mutanen da ke kai ta sabis a kan lokaci. Mu kuma muna karɓarta ne bayan ta yi shekara goma ko fiye, mu ɗora ta a kan ramuka da ruwan damina.

To, batun ƙafa. Yayanka bai yi ƙarya ba, domin kowa ya taɓa ganin Accord a gefen titi ta durƙusa, tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashinta. Amma yana da kyau ka san dalilin. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa ƙirar 2012, ƙafar gaban Accord hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa, abin da kanikawa ke kira ofa-am da lowa-am. Wannan tsari shi ne yake sa motar ta kama titi, ka sha kwana da ita kana jin ta a tafin hannunka, kuma shi ne sirrin daɗin tuƙin da masu ita suke yabawa. Sai dai a wannan tsari nauyin gaban motar yana bi ta kan bol-join na ƙasa, don haka idan ya ci har ya zare, babu abin da zai riƙe tayar. A Camry tsarin daban ne, nauyin yana kan shokozoba, shi ya sa bol-join ɗinta yake iya daɗewa yana ƙara ba tare da ya saki ba. Daga ƙirar 2013 ita ma Accord ta koma irin wancan tsarin.

Ni ma ta taɓa durƙusa mini sau ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wata ranar Juma'a ce a ƙarshen damina, ina fitowa daga layinmu zan hau kwalta, uwargida da yara biyu suna ciki, sai na ji gaban motar ya faɗi ta ɓangaren hagu. Allah Ya kiyaye a hankali nake tafiya, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga laifin nawa ne da na kayan da na saya. Wata biyu kafin nan na canja bol-join ɗin, kuma da aka nuna mini iri biyu na ɗauki mai araha a hannun wani mai shago da ya rantse mini cewa duk ɗaya ne. Bayan haka ƙafar ta yi kusan mako biyu tana kuka irin na ƙyauren da ya yi tsatsa duk lokacin da na juya sitiyari, ina jin ta ina cewa sai an yi albashi. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida: kafin damina da bayanta ina sa a ɗaga motar a girgiza tayoyin gaba, a duba robar da ke rufe bol-join ko ta yage, domin da zarar ta yage ruwa da yashi ke shiga su cinye giris. Idan za a canja, biyun nake canjawa tare, da kaya na asali. Shekara bakwai ke nan ban sake ganin wannan matsala ba, duk da cewa nakan yi tafiyar Kano zuwa Kaduna kusan kowane wata.

Abu na biyu da ya ɓata wa Honda suna shi ne giya, kuma a nan akwai abin da ke rubuce a tarihi. Giyar otomatik ta motocinsu masu silinda shida, na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, ta ba masu ita wahala, har a 2004 kamfanin ya kira motoci sama da miliyan ɗaya domin gyara, ciki har da Accord V6 ta 2003 da 2004. Saboda haka shawarata ita ce ka tsaya a kan mai silinda huɗu. Injinta mai lita 2.4 ne, da sarƙa yake aiki ba da bel ba, alhali V6 bel gare ta, wanda idan ya tsinke ana cikin tafiya yana iya lanƙwasa bawul. Sannan giyar Honda ba ta son kowane mai. Nata ake sa mata, wanda a da ake kira Z1, yanzu kuma DW-1, a sauke tsohon a zuba sabo kawai. Giya da yawa da aka ce sun mutu a garuruwanmu, jan man da ake aunawa a galan ne ya kashe su. Haka man sitiyari, shi ma nata daban ne.

Akwai kuma batun da ban ga kowa ya ambata maka ba, alhali ya fi ƙafa haɗari. Jakar iska ta kariya da wani kamfani mai suna Takata ya ƙera ta zamo da aibi, domin sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ta fashe da ƙarfi ta watso ƙarafa a fuskar direba. An rasa rayuka, an kira motoci miliyoyi na kamfanoni da dama, ciki har da Toyota, Takata kuma ya durƙushe a 2017. Honda ce ta fi kowa sayen kayansu, kuma Accord ta 2007 tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ka ɗauki lambar shasin, haruffa da lambobi 17 ne, ka shigar a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, wato NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi mata ba kafin a fito da ita.

Dangane da gamsuwa, zan faɗi tawa da ta mutanen da na sani. A makarantarmu mu huɗu ne muke da Accord, kuma babu wanda ya taɓa buɗe injinsa a cikinmu. Tawa baƙin mai da filta da fulogi da birki ne yawancin abin da take ci, ba ta shan mai fiye da kima, tana da faɗin ciki, kuma a doguwar tafiya ba ta gajiyar da bayana. Wanda ya sayar da tasa a cikin abokaina ya yi haka ne saboda an mai da shi aiki wani ƙauye da hanyarsa ba ta da kwalta, kuma ya yi daidai, domin Accord gajeriya ce, cikinta yana taɓa ƙasa, ba motar burji ba ce. Idan irin wannan hanya kake bi kullum, ka nemi CR-V ko wata mai tsayi.

Maganar kasuwa kuma gaskiya ce. Idan ka fitar da Corolla ko Camry da safe, kafin la'asar kana iya samun mai saye, Honda kuwa takan kwana biyu a hannun dillali, kuma tayin da za a yi maka zai yi ƙasa. Amma wannan ragin shi ne kai ma kake samu yau, shi ya sa DC ta shigo cikin ƙarfinka alhali Camry ta shekararta ta fi shi. Wanda ke sayen mota don ya juya ta bayan shekara guda, Toyota ta fi dacewa da shi. Wanda zai riƙe ta shekara shida ko takwas, ragin da ya samu a farko ya isa ya gyara ƙafa da kaya masu kyau har ya yi saura. Kayan gyaranta kuma ba su da wuyar samu, a Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka same su, sabbi da na Beljiyam.

Idan ka yanke shawarar zuwa ganinta, ka je da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi. Ka tafi da bakanikenka, wanda ya saba da Honda, kada ka dogara da wanda dillali zai kawo. Ku zaro ma'aunin man giya ku duba, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna ku bar ta komai kyan jikinta. Ku hau titi ku ji yadda take canja giya daga ta biyu zuwa ta uku, ku duba ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, ku ɗaga kafet ku shinshina ko ta taɓa shan ambaliya, sannan ku tabbatar takardun kwastan sun yi daidai da lambar shasi. Idan ciniki ya faɗa, kada ka kashe duk abin da ke hannunka a kanta, ka ware wani abu, kuma daga wurin dillali ka wuce gareji a canja bol-join biyu na ƙasa da man giya kafin ka ɗauki iyali a cikinta. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya tsare hanya.