Tambaya da Amsa: Tsimammen abincin kaji da ƙwai mai laushin ɓawo

Tambaya: Malam, ina kiwon kajin gida a Mai Wurno da ke jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Na ji ana yabon tsimammen abinci, shi ya sa nake jiƙa musu dawa har ta yi tsami kafin in ba su. Suna ci sosai, amma ƙwai bai ƙaru ba, wani ma da laushin ɓawo yake fitowa. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, tsimin ba shi da laifi, abin da kike tsimawa ne bai wadatar ba. Idan aka jiƙa hatsi, ƙwayoyin halitta masu kawo tsami, irin waɗanda ke tayar da ƙullun kisra, wato wainar dawa mai tsami ta Sudan, suna rage sinadaran da ke hana hanjin kaza tsotse amfanin dawa, kuma tsamin yana danne ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Sai dai tsimi ba ya ƙirƙiro abin da babu shi a cikin bokiti. Furotin ɗin dawa, wato sinadarin gina jiki, bai wuce kashi 10 zuwa 11 cikin 100 ba, alhali kaza mai yin ƙwai tana bukatar kusan kashi 16, tare da kalsiyam kimanin giram 4 a kullum, wanda da shi take gina ɓawo.

Saboda haka ki gyara haɗin, kuma ki auna da sikeli, domin mudu yana ruɗi: kilo 6 na tsakin dawa, kilo 2 na tunkuzar gyaɗa, wadda a kasuwa ake kira ambaz, da kilo 1 na dusar alkama da ɗan gishiri kaɗan. Idan kin sami ta riɗi ki haɗa su biyun, domin riɗi yana da wani sinadarin gina jiki da gyaɗa take da ƙarancinsa. Ki guji tunkuzar da ta yi funfuna ko da kyauta aka ba ki, saboda gubarta tana lalata hantar kaza, kuma tsimi ba ya kawar da ita. Garin dutsen farar ƙasa (limestone) ko dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa kuwa, wanda shi ne zai ba su kalsiyam, a wani kwano daban za ki ajiye shi a bushe, masu ƙwai su riƙa tsattsaga gwargwadon bukatarsu, amma kada a cusa wa 'yan tsaki.

Ki yi tsimin a bokitin roba, ruwa ya haura kan abincin da kamar yatsa biyu, ki rufe ba da ƙarfi ba, kina motsawa safe da yamma. A ƙasashe masu sanyi akan jira kwana uku, amma a zafin Sudan kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. Idan kumfa ta taso, ƙamshin tsami ya fito, ya yi. Idan kuwa wari ne ko tabon kore da baƙi, ki zubar. Ki tsame ki zuba musu abin da za su cinye cikin rabin awa, bisa lissafin giram 110 zuwa 120 na busasshen abinci ga kowace babbar kaza a yini, domin jiƙaƙƙen abincin da ya wuni a rana ƙudaje yake tarawa.