Raino, Raini da Sauran Kalmomin Mai Goyo

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru mini a wannan karon kusan duk daga iyaye suka fito, wasu ma da ganin rubutun ka san da hannu ɗaya aka yi shi, ɗayan hannun yana jijjiga jariri. Na tsamo waɗanda suka shafi kalmomin goyo da raino, sauran sai wani jiƙon.

Wata uwa mai 'ya'ya 3 ta rubuto cewa: “Malam, tun da na fara haihuwa na san irin wahalar da gwaggona ta sha a kaina. Na tura mata saƙon godiya na ce, ‘Gwaggo, ke kika raina ni tun ina ƙarama.’ Ƙanwata ta gani ta ce zaginta na yi. Ina kuskuren yake?”

'Yar'uwa, ƙanwarki ta yi gaskiya, kuma wasali ɗaya tak ya jawo. Abin da zuciyarki ta nufa shi ne “ke kika raine ni”. Muna da aikatau biyu da suka yi kama a rubuce, amma a baki kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne raina na wulaƙanci, wanda ya haifi kalmar raini. Karin sautinsa sama ne sannan ƙasa, kuma ƙarshensa ba ya sauyawa ko me ya biyo baya: ya raina malami, ya raina shi. Na biyu shi ne raina na kula da ƙaramin yaro, wanda ya haifi raino. Shi karin sautinsa ƙasa ne sannan sama, kuma yana sauya ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo shi. In suna ne sai ya ƙare da i: ta raini marayu. In wakilin suna ne sai ya ƙare da e: ta raine su. A rabon da masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa zuwa aji 7 a 1960, na farko ɗan aji na 1 ne, na biyu kuma ɗan aji na 2, ajinsu ɗaya da saya: ya sayi littafi, ya saye shi. Da baki kika faɗa mata, harshenki da kansa zai ce raine ba tare da kin yi tunani ba. Rubutu ne ke yaudarar mutum, tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Masu cewa reno da reni ma daidai suke faɗa, bambancin karin harshe ne, kuma dokar ba ta sauya ba: ta rene ni daban, ta rena ni daban.

Kalmar raino tana da faɗi. Mace tana rainon ciki kafin ta yi rainon ɗa, manomi yana rainon dashe har ya kama ƙasa. A duk inda ta fito za ka tarar da abu mai rauni a hannun wanda ya fi shi ƙarfi, yana tattalinsa don amfanin shi mai raunin. Shi ya sa har yau kunnena bai saba da “ƙasashe rainon Ingila” da “rainon Faransa” da ake faɗa a labarai ba. Kalmar ta zauna, ba ni da ikon tayar da ita, amma wanda ya ci ƙasa da yaƙi don amfanin kansa bai cancanci kalmar da muke yi wa gwaggonki godiya da ita ba. Ki sake tura mata saƙon, ko ma ki kira ta ta ji da muryarki.

Wani ɗalibi ya tambaya ko “goyon baya” da 'yan siyasa suke nema yana da alaƙa da goyon jariri. Ƙwarai kuwa, daga can aka ɗauko shi. Goyo shi ne ɗora yaro a baya a ɗaure shi da zane, a ƙara da majanyi don kada ya zame. Wanda ya goya maka baya ya ɗauki nauyinka ke nan ya tafi da kai inda ƙafarka ba za ta kai ka ba. Haka mai babur yake goya fasinja, haka masara take yin goyo idan ta fitar da 'ya'ya a jikin kara.

A saƙo ɗaya ya haɗa da yaye, wai me ya haɗa jariri da ɗaliban jami'a har ake bikin yaye su. Tushen kalmar shi ne ɗauke abin da ya lulluɓe wani abu. Ana yaye bargo, hazo yana yayewa, muna roƙon Allah ya yaye mana masifa. Yaron da aka yaye an janye shi daga nonon da ya dogara da shi, ɗalibin da aka yaye kuma makaranta ta sauke shi daga cinyarta ya je ya ci da kansa. Game da lokacin yaye na ainihi, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara 2 cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Tambaya ta gaba ta taɓa ni. Wani magidanci ya ce: “Malam, ɗana ɗan wata 9 ba ya yarda da kowa sai uwarsa, ko ni na ɗauke shi sai ya tsala ihu. Kakarsa ta ce ƙiwa ce. Ni kuwa na san ƙiwa lalaci ne. Yaya jariri zai yi lalaci?”

Ɗan'uwa, kai da kakar duk kuna kan daidai. Ƙiwa, ko ƙyuya a bakin wasu, tana ɗauke da ma'anonin biyu, kuma abin da ya haɗa su shi ne ƙi. Babba mai ƙiwa yana ƙin aiki, jariri mai ƙiwa yana ƙin hannun da bai saba da shi ba. Ta jariri ba aibi ba ce. Galibi takan fara ne daga wajen wata 7 ko 8, lokacin da yaro ya soma bambance fuskar da ya sani da wadda bai sani ba, kuma takan lafa da kanta yayin da yake girma.

Na san zafin abin. Babbar 'yata tana da wata 10 aiki ya kai ni wani gari na yi wata 2. Ranar da na dawo ko takalmi ban gama cirewa ba na miƙa mata hannu biyu. Ta kalle ni, ta taɓe baki, ta juya ta cusa fuskarta a wuyan mahaifiyarta, 'yan yatsunta sun damƙe wuyan riga kamar za a ƙwace ta. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyarta ce ta ce in daina kai mata hannu, in dai riƙa zama kusa. Na koma ina shimfiɗa tabarma inda take wasa ina duba takarduna, ba na ko kiran sunanta. A rana ta 3 na ji ana jan hulata ta baya. Ta rarrafo, ta dafa kafaɗata ta miƙe, tana ƙoƙarin kai hular bakinta. Kai ma ka zauna inda zai riƙa ganinka kullum, ka bar shi ya zo da kansa.

Wata kuma ta ce surukarta takan ce wa jikanta mai rigima “ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa”, tana so ta san ko kukan hawaye ake nufi. Asalin hoton bishiyar kuka ce. 'Ya'yanta suna reto can sama, mai son su sai ya yi jifa, jifan kuwa a jikin bishiyar yake sauka, ita da ba ta yi laifin komai ba. Kuka ta bishiya mace ce, karin sautinta sama da ƙasa, shi ya sa muke cewa kukar gidanmu. Kuka na hawaye namiji ne, karinsa sama da sama, muna cewa kukan yaro. Kasancewar bishiyar mace shi ya ba ta damar zama uwa a cikin karin maganar. Amma gwanintar wanda ya fara faɗinta ita ce kunne yana jin duka biyun a lokaci ɗaya, domin yaro mai yawan kuka shi ma uwarsa ake yi wa tsegumi. Ana buga ta ga ɗan da ya yi ta'adi a waje aka biyo iyayensa da zagi. Ga jaririn da ciwon ciki ko fitowar haƙori ya hana barci kuwa, ina ganin ta yi nauyi, ko da wasa aka faɗe ta. Uwar da ta kwana tsaye tana rarrashi (ko lallashi, duka biyu Hausa ce) sannu take buƙata.

A taƙaice ga mai tambaya kan tatata: ita ce tafiyar farko, taku biyu ko uku hannuwa a buɗe kafin a zube a cinyar wanda ya durƙusa yana kira. Tsamin baki kuma shi ne yadda yaro ke lanƙwasa kalmomin da harshensa bai iya ba tukuna. Mai tambayar ta ƙara da cewa ɗanta ya kai wata 14 bai fara tafiya ba, mijinta yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan karin magana kan gadon hali da ƙwarewa take, ba ma'aunin watanni ba ce. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna yara masu lafiya suna fara tafiya da kansu tsakanin wajen wata 8 zuwa kusan wata 18. In ya haura haka, ko kika ga wani abin da bai kwanta miki ba, ki kai shi asibiti a duba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Wani bawan Allah ya rubuto cewa yayansa yana dukan ɗansa ɗan shekara 4 a kan ƙaramin abu, in aka yi magana sai ya ce, “Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi,” ya ƙara da “icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Tambayarsa: shin abin da magabata suke nufi ke nan?

A'a, ɗan'uwa, kuma kalmomin da kansu za su ba ka hujja. Ƙi a Hausa ba ƙiyayya kaɗai ba ce. Idan aka ce ya ƙi zuwa, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa, babu gaba a ciki, rashin amincewa ne kawai. Ƙin da ke cikin karin maganar shi ne ka ƙi biye wa yaro a kan duk abin da ransa ya so, ka ƙi tare masa idan ya yi laifi a waje. Son da aka yi gargaɗi a kansa kuma shi ne shagwaɓawa, wadda in ta yi yawa take zama sangarta. Magabatan da suka faɗi wannan su ne kuma suka ce mai ɗa wawa, domin sun san idon iyaye yana rufewa a kan nasu. Maganar tunatarwa ce ga wanda ƙauna ta yi wa yawa. Ba a yi ta don a miƙa wa mai fushi bulala ba.

Ta icce ma a duba aikatau ɗin da aka zaɓa. Tanƙwara aka ce, alhali karya da sara da fyaɗa duk suna nan a harshen. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa ɗanyen reshe ya san a hankali ake bi da shi, a danna kaɗan, a ɗaure, a bar shi kwanaki ya saba, a dawo a ƙara. In ka fizge shi lokaci ɗaya tsagewa zai yi, kuma tabon yana nan har ya zama bishiya. Ko tarbiyya da muka aro daga Larabci tushenta girma da ƙaruwa ne. Daga tushen nan ne “rabbayani” ta fito a addu'ar da ke aya ta 24 a Suratul Isra'i, inda ɗa yake roƙa wa iyayensa rahama kamar yadda suka raine shi yana ƙarami. Horo yana da wurinsa a Hausa, amma ma'anarsa ta farko koyarwa ce ta hanyar maimaitawa, kamar yadda ake horar da doki ko sabon ma'aikaci.

Ka samu yayanka shi kaɗai, ba a gaban matarsa ko yaron ba, ka fara da yaba masa kan yadda ya damu da tarbiyyar ɗansa, sannan ka kawo masa maganar tanƙwara. In yana son misalin ƙin da ake nufi, ga wanda na gani a ɗakina. Autanmu yana ɗan shekara 3 ya ga wuƙa a hannun mahaifiyarsa ya ce sai an ba shi. Ta ce a'a, ta ɗora ta can saman kabad. Ya faɗi ƙasa yana birgima, yana shure-shure, har maƙwabta suka leƙo. Ba ta sauko da wuƙar ba, ba ta kuma ɗaga masa hannu ba. Ta zauna kusa da shi ta ci gaba da aikinta. Da kukan ya koma ajiyar zuciya sai ta jawo shi, ta share masa majina da gefen zaninta, ta goya shi. Kafin ta kai bakin ƙofa ya yi barci, hannunsa ɗaya riƙe da bakin majanyin.