Kada ki rubuta takardar ajiye aikin nan

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya.

Abin da na fahimta daga rubutunki shi ne: shekararki huɗu a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa da ke karɓar kwangilar gwamnati. Kin ga an biya kuɗin kaya ɗaya sau biyu, kin faɗa wa manajanki baki da baki, bayan mako biyu sai ga takardar tuhuma wai kina makara. Kina da ciki wata biyar, oga kuma ya kira ki ya ce ki rubuta takardar ajiye aiki "a rabu lafiya". Kina tambaya ko EFCC za ki nufa ko lauya, kuma ko da gaske ne ana ba mai kwarmato kashi biyar cikin ɗari.

Ni lauya ne, kuma yawancin ƙararrakin da nake tsayawa a kansu irin naki ne, a ɓangaren ma'aikaci. Amsa ta farko ita ce kada ki rubuta takardar nan, kada kuma ki sa hannu a wadda aka rubuta miki. Ba don ƙaunarki ake son ki rubuta ba. Idan suka kore ki, su ne za su tsaya gaban alƙali su yi bayanin dalili. Idan ke kika ajiye da hannunki, nauyin ya dawo kanki, sai kin tabbatar wa kotu cewa tilasta miki aka yi. Kotun Ma'aikata ta yarda cewa murabus na dole kora ce, kuma an sha cin irin wannan shari'a, amma hanyar ta fi tsawo. Lauyan kamfani zai ɗaga takardarki sama ya karanta inda kika rubuta "ina godiya da damar da aka ba ni", sannan ya tambaye ki wa ya riƙe miki biro.

Kotun da ke da hurumi a kan maganarki ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda jaridu ke kira kotun ɗa'ar ma'aikata. Tana da rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Bauchi, Yola da sauran wurare, hedikwatarta a Abuja. Tun gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2011, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai ikon sauraren rikicin aiki, har da wariya, cin zarafin mata a wurin aiki, da zaluncin mai aiki a kan ma'aikaci. Ya kuma ba ta damar duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da abin da ake ɗauka kyakkyawan tsari a sauran ƙasashe. Wannan shi ya canza komai. Da can ƙa'idar ita ce mai kamfani zai iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko maras kyau, ko babu dalili ma, in dai ya ba da notis ko kuɗin notis. Daga wajen 2015 kotun ta fara cewa sallama ba tare da dalili mai alaƙa da aiki ko halin ma'aikaci ba zalunci ne. Har yanzu akwai alƙalan da ke riƙe da tsohuwar ƙa'ida, musamman a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda haka duk lauyan da ya ce miki nasara tabbas ce, ki yi hattara da shi.

Shari'arki ƙafa biyu gare ta, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wadda kika fi damuwa da ita, wato kwarmaton, ita ce mai rauni. Wadda kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato cikin, ita ce mai ƙarfi.

Maganar ciki tana da tushe a rubuce. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariya saboda jinsi, addini, ƙabila ko asalin mutum. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2002, wadda ta hana wariya a wurin aiki. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a aikin, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Akwai wata gargada a nan: dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci", don haka kamfani zai iya cewa akanta ba ta ciki. Shi ya sa ba ma dogara da ita kaɗai, muna haɗawa da tsarin mulki da takardar ɗaukar aikinki da littafin ƙa'idojin kamfani. Kuma kotun ta riga ta yi magana. Ta taɓa yanke hukunci a kan wata ƙungiyar lafiya ta ƙasa da ƙasa da ta sallami ma'aikaciya jim kaɗan bayan ta sanar da cewa tana da ciki, ta ce wariya ce, ta ba ta albashin shekara guda diyya. A watan Janairun 2023, reshen kotun na Akure ya soke ƙa'ida ta 127 ta rundunar ƴan sanda, wadda aka yi amfani da ita aka kori wata ƴar sanda a Ekiti saboda ta yi ciki ba aure, aka ba ta naira miliyan biyar. Idan rundunar ƴan sanda ba ta tsira ba, kamfanin kwangila ba zai tsira ba.

Kwarmato kuwa, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Disambar 2016, lokacin Kemi Adeosun tana ministar kuɗi, tsari ne na ma'aikatar kuɗi, ba doka ba ce da majalisa ta yi shugaban ƙasa ya sa wa hannu. Ladan da aka yi alkawari kashi biyu da rabi ne zuwa biyar cikin ɗari, kuma na kuɗin gwamnati ne da aka ƙwato a zahiri ta dalilin bayaninki, ba na wanda kika ce an sace ba. Kowa ya tuna da dala miliyan 43 da aka samu a wani gida a Ikoyi a watan Afrilun 2017, shi ne ya sa kowa ke ganin kwarmato hanyar arziki ce. Ba a cika tuna ma'aikatan gwamnatin da suka fallasa ogoginsu a wannan tsakanin aka dakatar da su ko aka kore su ba, wasu sai da ƙungiyoyin farar hula irin AFRICMIL suka yi ta fafutuka kafin a mayar da su. Majalisar dattawa ta zartar da ƙudurin kare masu kwarmato a 2017 bai zama doka ba, majalisar zartarwa ta amince da wani daftarin a Disambar 2022, shi ma wa'adin waccan gwamnati ya ƙare bai zama doka ba. Ghana tana da tata dokar tun 2006, Afirka ta Kudu tun 2000. Bidiyoyin lauyoyin Amurka da ke yawo, masu cewa mai kwarmato na samun kashi 15 zuwa 30, gaskiya suke faɗa, amma a kan wata dokarsu ce da ke nan tun 1863, kuma ba ta aiki a Kano.

Ba wai babu kariya gaba ɗaya ba, a warwatse take. Sashe na 64 na dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 ya ce a ɓoye sunan wanda ya kai bayani, amma sashen ya kuma tanadi ɗauri ga wanda ya kai bayanin da ya san ƙarya ne. Sashe na 27 na dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 ya kare jami'in gwamnati da ya fallasa almundahana, ke kuma ba jami'ar gwamnati ba ce. Bankuna suna ƙarƙashin ƙa'idojin kwarmato na Babban Banki na 2014. Ga mai aiki a kamfani irin naki, abin da muke kai wa kotu shi ne ramuwar gayya: ta faɗi gaskiya, aka hukunta ta, wannan zalunci ne a wurin aiki. Ana cin nasara da shi, amma sai an nuna wa alƙali cewa kin faɗa ɗin, kuma ga ranar.

A nan ne matsalarki take, kin faɗa da baki. Ranar shari'a manajan zai rantse bai taɓa jin maganar ba. Ba a taɓa samun mai aikin da ya rubuta "mun kore ta saboda ciki" ko "saboda ta tona mana asiri" ba. Abin da suke rubutawa shi ne makara, rashin ƙwazo, rage ma'aikata. Alƙali yana gano gaskiya ne ta jerin kwanaki: shekara huɗu babu tuhuma ko ɗaya, ga takardun yabo da ƙarin albashi, ran kaza ta kai ƙorafi, ran kaza ta sanar da ciki, bayan mako biyu ta zama malalaciya. Wannan jeri shi ne shari'ar, kuma ke za ki gina shi tun kina ciki, lauya ba zai iya ƙirƙiro shi daga baya ba.

Saboda haka gobe ki tura wa manajan imel gajere, cikin ladabi: kina tunatar da shi maganar da kuka yi ran kaza game da biyan kuɗi biyu masu lamba kaza da kaza, kina roƙon a duba. Kada ki kira kowa ɓarawo, kada ki rubuta "sata". Ki rubuta abin da idonki ya gani kawai. Ki kuma miƙa wa sashen kula da ma'aikata takardar asibiti da ke nuna cikin da lokacin haihuwa, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Takardar tuhumar ki amsa ta a rubuce cikin wa'adin da aka ba ki, ko da awa 24 ne, domin ƙin amsawa laifi ne mai zaman kansa da za su riƙe. Ki amsa maganar makarar da kwanaki da rajistar shiga, sannan a layi ɗaya ki ce kin lura tuhumar ta zo ne bayan ƙorafinki. Idan oga ya sake kiranki kan ajiye aiki, ki ce ya ba ki a rubuce ki yi shawara da gida. Ba zai bayar ba. Ke kuma ki tura masa saƙo bayan kin fito: "Ranka ya daɗe, game da maganar ajiye aiki da ka yi min yau, ban yanke shawarar barin aiki ba."

Ki kwashe naki takardun ki kai gida: ta ɗaukar aiki, ta tabbatar da ke, takardun albashi, na ƙarin girma, bayanin asusun fanshonki. Ranar da za a sallami mutum, kafin ya koma teburinsa an rufe masa imel. Amma kada ki kwafe fayilolin kamfani gaba ɗaya ko bayanan abokan ciniki ki tura wa kanki. Na ga shari'a mai kyau ta lalace ta haka, aka bar maganar almundahana aka koma maganar ma'aikacin da ya fitar da sirrin ofis, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 a hannunsu. Ki rubuta lambobin baucocin da kwanakinsu da adadinsu a littafinki, lauya zai nemi kotu ta sa su kawo na asali. Wayar da saƙonnin WhatsApp ke ciki kada ki sayar da ita, kada ki goge komai, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka ciro saƙon.

To EFCC ko lauya? Lauya tukuna. Tun da kuɗin kwangilar gwamnati ne, EFCC ko ICPC na da hurumi, kuma ban ce kada ki je ba, kai rahoton ɓarna abu ne mai kyau. Sai dai su aikinsu kama mai laifi ne, ba za su biya ki albashi ba, ba za su hana a kore ki ba. Kuma a ofis mai mutum huɗu a sashen kuɗi, ɓoye suna ba ya ɓoye kowa.

Ki kuma san abin da kotu za ta iya ba ki. Ma'aikacin gwamnati da doka ta tsara aikinsa ana iya mayar da shi kujerarsa da duk albashinsa na baya. A kamfani mai zaman kansa da wuya ƙwarai a tilasta musu su mayar da ke, diyya ake bayarwa: haƙƙoƙinki da suka maƙale, kuɗin notis, da ƙarin diyya in an tabbatar da wariya. Shari'ar na iya ɗaukar shekara biyu ko fiye, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 kowane ɓangare na iya ɗaukaka ƙara, a Kotun Ɗaukaka Ƙara maganar ke tsayawa. Ga ƴan'uwa ma'aikatan gwamnati da ke karantawa, ku kiyayi wa'adin wata uku na dokar kare jami'an gwamnati. Hukunce-hukunce sun saɓa a kan ko ya shafi rikicin aiki, kada ku bari a gwada a kanku, ku shigar da ƙara kafin ya cika.

Game da kuɗin lauya, ƙa'idojin aikinmu sun yarda a yi yarjejeniyar biya daga abin da aka samu a ƙarar da ba ta laifi ba, sai dai a rubuta kason tun farko, a kuma fayyace wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga. In babu hali, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ba sa karɓar kuɗi. Lauyan da za ki ɗauka ki tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a Kotun Ma'aikata, don wanda ya ƙware a rikicin fili ba lallai ya san ƙa'idojinta ba.

Na san za a taso ki da "a yi haƙuri", daga gida da kuma ofis, wataƙila har a turo wani dattijo wurin maigidanki. Sulhu ba faɗuwa ba ne, yawancin irin waɗannan maganganu a sulhu suke ƙarewa, kotun ma tana da cibiyar sasanci tata. Mace mai ciki wata biyar tana da ikon ta ce ba ta son jeka-ka-dawo a kotu. Amma a yi sulhun a rubuce, bayan lauyanki ya aika musu wasiƙa, lokacin ne farashi ke tashi. A sa albashin hutun haihuwa a ciki, da kuɗin notis, da giratuti in tsarin kamfanin na da shi, da shaidar cewa sun zuba duk kuɗin fanshonki da suka cire, da takardar shaidar aiki mai tsabta wadda kika karanta kafin ki sa hannu. In suka saka sharaɗin cewa ba za ki taɓa yi wa wata hukuma magana a kan kuɗin nan ba, ki ce a cire shi, domin in bincike ya zo daga baya, sa hannunki na kan wasu daga cikin baucocin, kuma imel ɗin da za ki tura gobe shi ne zai raba ki da su.