Kuɗin koyon babur: asara ne ko jari?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya. Ya tara kuɗin sayen babur don ya riƙa kai wa abokan cinikinsa kaya da kansa, amma bai taɓa tuƙi ba. Ya samu makarantar da ke yi wa sababbin shiga kwas, sai dai kuɗin ya yi masa nauyi, ga shi abokinsa ya ce zai koya masa kyauta a yini guda. Ya biya, ko ya zuba kuɗin a kaya?

Ɗan'uwa, ka biya, kuma ka yi kwas ɗin tun kafin ka sayi babur. Ka lissafa shi cikin kuɗin babur ɗin, tare da lasisi da inshora da hular kwano. In abin da ka tara bai kai duka ba, ka ƙara haƙuri ko ka nemi babur mai sauƙin kuɗi.

Kai ne ke buɗe shago, kai ne ke saro kaya, yanzu kuma kai za ka riƙa kai su. Karaya ɗaya tana ɗaukar mako shida zuwa takwas, ta ƙafa ma takan zarce haka. Ka zauna da biro ka lissafa ribar wata biyu, ka ɗora kuɗin asibiti da na bakanike da kayan da suka fashe a titi, sannan ka dubi kuɗin kwas. Ban ƙidaya abokan cinikin da za su koma wani wuri ba.

Abokinka zai nuna maka yadda ake tayar da babur, a sa giya, a miƙe. Tsayawa ce ba ya koyarwa, a nan kuwa ake faɗuwa. Birkin gaba shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa, amma sabon direba tsoronsa yake ji, sai ya take na baya da ƙarfi, taya ta zame. A makaranta za a sa ka yi ta matsa na gaba a hankali kana ƙara ƙarfi, har hannunka ya saba. Za ka yi ta zagaya alamun da aka jera a fili, kana sakin kulochi kaɗan-kaɗan daidai inda ya fara kamawa, idonka na kan inda za ka, ba kan tayar gaba ba. Gudu in ya ninka biyu, tazarar birki tana ninka huɗu, ga kuma nauyin kayan da za ka ɗaure a baya.

Shi ya sa a Birtaniya tun 1990 doka ta wajabta wa sabon mahayi horon farko kafin ya hau titi. A kwas, babur ɗin makaranta ne zai sha faɗuwarka ta farko, kuma a nan za ka gane girman da ya dace da kai kafin ka kashe kuɗi.

Kafin ka biya, ka tambaya: awa nawa za ka yi a kan babur, ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, kuma hukumar lasisi ta amince da takardarsu? Ka gaya wa kamfanin inshora cewa kasuwanci za ka yi da babur ɗin, domin inshorar hawa ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar asarar da ta faru a kan aiki. Hula kuma kada ka nemi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida.

Bayan kwas, kada ka yi wa kowa alkawarin kai kaya a makon farko. Ka fara hawa ba kaya, sannan da kaya marar nauyi zuwa wurare na kusa, mai kai maka kaya na yanzu kuma ya ci gaba da aikinsa har hannunka ya faɗa.