Ku Tambayi Maƙera: Tsohuwar Wuƙar Girki a Jakar Maharbi

Assalamu alaikum. Na sayi tsofaffin wuƙaƙen girki uku a wurin 'yan gwanjo a kasuwar Jega. Ina so in mayar da ɗaya ta yankan tsumman da nake ɗura wa bindigar toka. Wacce zan ɗauka, kuma yaya zan rage ta? Daga wani maharbi, Jega.

Wa alaikumus salam, malam maharbi. Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Wadda ta yi duhu da ɗigon tsatsa, sau da yawa ita ce baƙin ƙarfe na gari, ta fi farar silba karɓar wāshi. Gwada ta da magagari a bakin kaifi: in ya zame, ƙarfen ya sha wuta yadda ya kamata, in ya ci ta kamar sabulu, bar wa uwargida ta yanka albasa. A kan giranda kuma baƙin ƙarfe yana fitar da tartsatsi mai yawa, mai rassa.

Tsawon santimita 7 zuwa 8 daga ƙota ya isa. Ja layi, ka yanke daga wajen tsini, sannan ka zagaye bakin. A nan yawanci ake ɓata aikin. Giranda tana zafafa ƙarfe nan da nan, gefen kaifi kuwa siriri ne. Da ka ga ya koma shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300, taurin wurin ya tafi, kuma ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin. Saboda haka ajiye kwanon ruwa a gefe, goga na daƙiƙa biyu ko uku, tsoma. Kada ka sa safar hannu: yatsanka ne zai gaya maka zafi kafin launi ya sauya.

Wasa fuska ɗaya kawai, ɗayar ta zauna a shafe. Shafaffen gefen ne zai kwanta a bakin bindiga ya share tsumma daidai, ba tare da ya ƙarce ƙarfen ba. Yayin yankan, bakin bindiga ya kalli gefe, kada fuskarka ta leƙa kansa, kuma wuƙar ta tafi nesa da jikinka.

In ƙotar ta tsage, kirya ta fi dacewa. Fallaye biyu, ƙusoshin tagulla biyu, a dankwafe kawunansu. Kube kuma aikin baduku ne.

Guntun da ya rage, zan iya fere shi ya zama tsinken buɗe kafar wuta, wato ɗan ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi? Daga Talata Mafara.

A'a, ɗan'uwa. Ƙarfen wuƙa ya fi na kafar tauri, zai riƙa faɗaɗa ta har wuta ta fara dawowa ta baya, ga shi yana iya karyewa a ciki. Kuma ƙarfe mai tartsatsi ba ya kusantar albarushi. Nemi wayar tagulla. Guntun nan a mayar da shi sukundireba, a daidaita bakinsa da tsagar ƙusoshin bindigar.

Wuƙata tana tsatsa kwana ɗaya bayan farauta. Daga Zuru.

Tokar albarushi ce, tana jan laima, balle da damina. Wanke da ruwan ɗumi, busar sarai, shafa man keken ɗinki. Man gyaɗa yana yin danƙo. Kada ta kwana a jiƙaƙƙen kube.